Daga Manzon Sarki Zuwa Wayar Salula: Jawabi Ga Makiyaya Da Fataken Shanu A Garwa

  Abin da zan yi magana a kai yau shi ne labari: yadda yake tafiya, wanda yake riga ji, da abin da ke samun wanda ya ji daga baya.

A zamanin kakanninmu labari da ƙafa yake tafiya, ko a bayan doki. Lokacin da Modibbo Adama ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wajen shekarar 1809, takarda ce ta riƙe ƙasar Fombina da Sakkwato. Malami ya rubuta, manzo ya ɗauka, ya yi makonni a hanya. Sarki da malami da falke su ne ke da labari. Mai kiwo a daji sai ranar kasuwa yake ji.

Ku dubi abin da wannan jinkiri ya jawo. Wajen 1891 ciwon bushiya ya shigo ƙasashen nan daga gabas, ya share garkuna. Cutar ta fi labarinta gudu. Kafin a gaya wa mutum ya kau da shanunsa, ta riga ta shiga rugarsa.

Jamus suka kama Garwa a 1901, Ingila da Faransa suka ƙwace ta a 1915. Turawa suka kawo gidan waya da tangaraho, amma don aikin mulkinsu: umarni, da soja, da haraji. Duk da haka, wanda ya iya na'urar ya samu gaba. Ahmadu Ahijo, wanda aka haifa a nan Garwa a 1924, aikin wayar iska ya fara yi a ma'aikatar gidan waya, aikin da ya zaga da shi garuruwa ya san mutane, kafin ya zama shugaban Kamaru a 1960.

Rediyo ce ta fara kawo wa talaka labari har bukkarsa. BBC ta fara Hausa a 1957, aka buɗe Rediyo Garwa a 1958, tana magana da Fulatanci da Hausa, ana jin ta har cikin Nijeriya. Ba sai ka iya karatu ba, batir kawai kake bukata. Ran 4 ga Nuwamba 1982, da Ahijo ya sanar da murabus ɗinsa a rediyo, mai kiwo a bakin Binuwai ya ji tare da manyan Yawunde. Da bushiya ta dawo a 1983 ta yi ɓarna, amma wannan karon akwai allura, akwai kuma hanyar kiran jama'a su kawo shanu. A shekarar ce aka kafa LANAVET a Bokle, inda ake haɗa allurar rigakafin dabbobi. A 2011 aka sanar cewa bushiya ta ƙare a duniya baki ɗaya. Sai dai rediyo ita ke magana, kai naka saurare.

Wayar salula ta fara yaɗuwa a Kamaru wajen shekarar 2000, ita ce ta ba mu baki. Yau kafin ka koro bijimi zuwa Adumri ko Ngong, kana iya tambayar farashi. Falke yana bin motar shanunsa har Yawunde yana zaune a gida. Tun wajen 2010 ana tura kuɗi ta waya, ba sai an ɗaura su a ƙugu a bi hanyar da 'yan zargina ke tarewa ba. Wanda bai yi boko ba yana aika murya ta WhatsApp da harshensa.

To amma jama'a, wuƙar da ta yanka maka nama ita ke yanka yatsa. Masu satar mutane a Mayo-Rey da Tuboro da sauran bakin iyakar Cadi da Afirka ta Tsakiya, da waya suke neman kuɗin fansa, da waya kuma ɗan leƙen asirinsu ke gaya musu wane ya sayar da shanu yau. Iyalai nawa suka karyar da garke don su fanshi yaro? Ga kuma ji-ta-ji-ta. A tura hoton gawa daga wata ƙasa a ce manoman garin kaza ne suka yi, kafin gari ya waye an ƙone bukkoki.

Saboda haka ina roƙonku abu huɗu.

Na ɗaya, cinikinka sirrinka ne. Kada ka faɗi yawan kuɗin da ka karɓa a tsakiyar kasuwa, kada ka ba kowa lambar sirrin asusunka, ko da ya ce daga kamfani yake kira.

Na biyu, kada ka tura saƙon faɗa ko kisa sai ka tambayi arɗo ko wakilin ƙungiya. Gani ya kori ji.

Na uku, kowace ruga ta ajiye lambar likitan dabbobi da ta jandarma. In ka ga alamar ciwon huhu, ka kira ran nan, ka kuma gaya wa maƙwabta. Ɓoye cuta shi ne mayar da kanmu 1891.

Na huɗu, masu kiwo a fadamar Binuwai su saurari sanarwar sakin ruwan dam ɗin Lagdo. Mun ga abin da ambaliyar 2012 ta yi.

Shekara ɗari biyu makiyayi ne na ƙarshe wajen jin labari. Yanzu na'urar tana aljihunsa, saura sanin yadda zai riƙe ta. Ku sa yaranku makaranta, maza da mata, don su karanta muku abin da ke shigowa cikinta. Allah ya tsare mu da dukiyarmu, ya mai da kowa gida lafiya.