Saye Ko Haya? Mallakar Mota da Na'ura a Zamanin Kulle Daga Nesa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a duba wani sabon salon ciniki da ya ɓullo a ƙasashen da ake ƙera motoci, sa'an nan a auna shi da ma'aunin da Bahaushe ya daɗe yana auna dukiya da shi. Misalan gida kuwa za a ɗauko su ne daga ƙasar Karaye da Rogo, watau ƙananan hukumomi biyun da dokar Jihar Kano ta watan Yuli 2024 ta haɗa a ƙarƙashin masarautar Karaye.

Ga yadda al'amarin yake. A shekarar 2022 kamfanin BMW na Jamus ya fara neman masu motocinsa a Ingila da Koriya ta Kudu su riƙa biyan kuɗi kowane wata, fam 15 a Ingila, kafin kujerar mota ta yi musu ɗumi a lokacin sanyi. Wayoyin da ke ɗumama kujerar suna nan cikinta tun daga masana'anta, mai mota kuwa ya riga ya biya kuɗin motarsa. Abin da yake saye a kowane wata umarni ne da kamfani zai aika wa kwamfutar motar ta iska, ya ce ta buɗe. Mutane suka yi ca a kan kamfanin, har ya janye wannan tsari a watan Satumba 2023. Amma fa dabarar ba ta mutu ba. A ƙarshen 2022 Mercedes-Benz ya sanar da cewa masu wasu motocinsa na lantarki a Amurka za su biya dala 1,200 a shekara domin injin ya saki ƙarfin da aka danne masa. A 2025 Volkswagen ya yi irin wannan a Ingila da motarsa ID.3, a kan fam 16.50 a wata.

Abin da ya fi bayyana asirin wannan ciniki ya faru ne tun a watan Satumba 2017, sa'ad da guguwar Irma ta doshi Jihar Filorida. Kamfanin Tesla ya sayar wa wasu mutane motoci masu babban batir a kan farashin ƙarami, ya kulle ragowar da manhaja, sai wanda ya ƙara dubban daloli za a buɗe masa. Da mutane suka tashi gudun guguwa, sai kamfanin ya buɗe musu batiran daga nesa na 'yan kwanaki, bayan ƙura ta lafa ya mayar da kulle. Lalle wannan taimako ne, an kuwa yaba masa. Sai dai duk wanda ke iya kwance wa doki dabaibayi daga nisan mil dubu, yana iya ɗaure shi daga can, mai doki yana zaune a kan sirdi.

To, da wane suna Bahaushe zai kira wannan? Harshen Hausa ba matalauci ba ne wajen kalmomin riƙon dukiya, musamman gona. Akwai gado, akwai saye, akwai kyauta. Waɗannan uku su ke mayar da abu na mutum. Akwai kuma aro, da haya, da jingina, da kashe-mu-raba, inda mutum ke cin amfanin abin da ba nasa ba. Manomin Rogo da ya karɓi gona jingina ya san zai noma ta har ran da mai ita ya dawo da kuɗi. Wanda ya yi hayar fadama a gefen madatsar Challawa domin noman rani ya san yarjejeniyarsa ta shekara ce. Kowace kalma ta faɗi wanda ke da abu, ta faɗi wanda ke da amfani, ta kuma faɗi ranar rabuwa. Cinikin kujerar BMW bai zauna daidai a kan ko ɗaya daga cikinsu ba. An karɓi kuɗin saye, aka miƙa mota, sa'an nan aka mayar da wani ɓangare na jikinta abin haya. Da a kasuwar Karaye wani zai sayar da jaki ya ce ɗaukar mangala kuma sai an riƙa biyansa duk wata, da dillalai sun tambaye shi abin da ya sayar tun farko.

Malaman fiƙihu ma sun daɗe da tattauna sharaɗi a cikin ciniki. Sananne ne cewa Jabir ɗan Abdullahi ya sayar wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, raƙuminsa a hanya, bisa sharaɗin zai hau shi har Madina. Malaman Malikiyya sun yarda mai sayarwa ya keɓe wa kansa amfani kaɗan mai iyaka sananniya irin wannan, amma sun ƙi sharaɗin da ke warware manufar cinikin, kamar a hana mai saye ya sayar da abin ga kowa. Yanke hukunci a kan motocin zamani aikin malaman fannin ne. Abin lura kawai shi ne tafiyar Jabir tana da zango, kuɗin wata kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Adalci ne a faɗi hujjar kamfanoni. Sun ce ƙera mota iri ɗaya ya fi sauƙin kuɗi a kan ƙera iri biyar, saboda haka gara a sa kome a cikin kowace mota, wanda ke so ya buɗe. Sun kuma ce wasu ayyuka, kamar taswirar hanya da ake sabuntawa kullum, suna cin kuɗi muddin ana amfani da su. Hujja ta biyu tana da ƙarfi, domin aiki mai gudana yana da lada mai gudana. Ta farko kuwa ba ta da ƙafa sosai, gama waya da ƙarfen da ke cikin kujera an gama kashe musu kuɗi tun ranar da aka ƙera su, kuma da wuya a gaskata cewa ba su shiga farashin motar ba.

Wani zai ce ina ruwan mutumin Karaye da kujera mai ɗumi, shi da ke neman inuwa a watan Afrilu. Amsa ita ce makullin ya riga ya iso ƙauye, ta wata ƙofa ce dabam. Mai gidan kallon ƙwallo ya sayi akwatin DStv ko StarTimes da kuɗinsa, in wata ya ƙare bai biya ba sai allo ya ɗauke. Kamfanoni irin su Lumos da Sun King suna ba da fitilar hasken rana a biya kaɗan-kaɗan, ranar da aka makara sai wuta ta yanke kanta. M-KOPA, wanda aka kafa a Kenya a 2011, yana ba da wayar hannu bashi bisa wannan tsari. Akwai bambanci a nan wanda bai kamata a rasa shi ba. Inda yarjejeniya ta ce bayan biya na ƙarshe kulle zai saki har abada, to bashi ne mai jingina, kamar ɗan adaidaita sahun da ke kai balas har babur ya zama nasa, kuma ya taimaki mutane da yawa waɗanda banki ba zai saurare su ba. Inda ba a ambaci biya na ƙarshe ba, haya ce ta sa rigar saye.

Inda abin zai fi taɓa ƙasar masara da rake irin Rogo shi ne tarakta. A 2022 an ba da labarin cewa sojojin Rasha sun kwashe injinan noma na John Deere, na kusan dala miliyan 5, daga Melitopol ta ƙasar Yukren zuwa Checheniya, suka tarar an kashe su daga nesa. Ɓarawo aka hana a wannan karo. Amma manoman Amurka sun shekara da shekaru suna kukan cewa manhajar ta hana su gyara taraktocinsu da kansu, sai ma'aikacin dillalin kamfani ya zo da kwamfutarsa, har hukumar kula da ciniki ta ƙasar ta kai kamfanin kotu a watan Janairu 2025. In manomin da dillali ke kusa da shi yana wannan kuka, yaya ke nan wanda taraktarsa ta tsaya a farkon damina a wani ƙauye da ke kan iyakar Kano da Katsina? Huɗa ba ta jiran mako biyu. Motar Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975, kowane bakanike na iya kwance ta ya ɗaura da kayan Ƙofar Ruwa. Motocin da ake sauke wa Nijeriya ta Kwatano da Ikko kuwa sun sha hannu a Turai da Amurka, kuma waɗanda ake sayarwa can a yau da kulle a jikinsu su ne za su iso nan bayan 'yan shekaru, asusun buɗe su yana wata ƙasa, ana biyansa da dala.

Ma'aikatan gwamnati da ke zaune a kwamitocin sayen kaya su ne za su fara cin karo da wannan. Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 da dokar kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, sun ba da madafa, amma takardar kwangila ce ke yanke magana. Kafin a sa hannu a kan tarakta ko motar asibiti ko famfon hasken rana, ya kamata a nemi mai kawo kaya ya rubuta waɗanne sassa ne ke aiki ba tare da ƙarin biya ba, wa ke da ikon kashe na'urar daga nesa kuma a wane hali, ko bakaniken Karaye zai sami kayan aikin binciken lahani, da abin da zai faru in kamfanin ya tattara ya bar ƙasar. Kuɗin shekara-shekara, in akwai shi, a lissafa shi na tsawon rayuwar na'urar a haɗa da farashi kafin a gwada tayin wani da na wani, domin kasafin ƙaramar hukuma na shekara ɗaya ne, tarakta kuwa ana sa ran ta yi shekara goma tana huɗa.