Wa Zai Shata Garinmu?



Tun 1978 Dokar Amfani da Ƙasa ta danƙa filayen birane a hannun Gwamna, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ke rabawa. Saboda haka, ran da aka ayyana Kanya ta ƙasar Zuru birni, ikon gonakin bakin gari ya koma Birnin Kebbi ke nan. Amma dokar tsara birane ta 1992 ta ba kowa damar duba taswirar shiri, ya rubuta ƙorafinsa kafin a tabbatar da ita. Yawancin iyayenmu ba su karanta Turancin doka. Mu muna karantawa. In muka yi shiru har ma'auna suka kafa turaku a kan burtali da gonakin gado, da wane ido za mu dube su? Mu koma gida, mu fassara musu.