Abujar da Ba Mu Rubuta Ba

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake ƙaga labari da wahalhalun da ke cikin aikin. Na san akwai masu jiran in fara da tsadar takarda da ɓarnar masu satar fasaha. Zan zo kansu, amma a wurina ba su ne a gaba ba. Wahalar da ta fi cin marubucin Hausa tana faruwa ne tun yana zaune shi kaɗai, kafin maɗaba'a ta san da shi.

A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta labarai da boko, a yi gasa. Abin da ya tarar ba rashin iya rubutu ba ne. Ƙasar da ta gaji Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Nana Asma'u ba ta rasa alƙalami ba. Sai dai a wurin malaman nan rubutu na ilimi ne, tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata ce da yara bayan sallar isha'i. Ina mai rawani zai zauna ya tsara abin da bai faru ba, har ya sa sunansa a kai? Duk da haka gasar ta haifi littattafai biyar da har yau muke karantawa a makarantu: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin.

Sama da shekara casa'in ke nan, kuma kunyar nan ba ta sake mu ba. Ku buɗe littafin Hausa, na takarda ko na waya, ku duba shafin farko. Kafin a gaya maka sunan tauraro an riga an ba ka haƙuri: ba a yi don cin zarafin kowa ba, an yi ne don faɗakarwa. Ban ga laifin masu yin haka ba, don sun ga abin da ya faru. Sun ga yadda aka yi wa littattafan soyayya laƙabin Adabin Kasuwar Kano, sunan da Farfesa Ibrahim Malumfashi ya yaɗa, aka yi ta muhawara a jaridu, Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu suna kare marubutan. Sun ga yadda a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta tara littattafai a Kano aka cinna musu wuta a bainar jama'a. Wanda ya ga wannan dole ya nemi garkuwa, kuma garkuwar da ta fi kusa da hannu ita ce wa'azi.

Illar ita ce wa'azin ya shiga har cikin taurarin. Yarinyar kirki ba ta taɓa jin ƙyashi, kishiya ba ta taɓa yin alheri ko da kuskure, uwar miji kuwa tun shafi na uku mun san wurin boka za ta je. Mai karatu ya san ƙarshen kowa tun kafin a je, don marubucin ya riga ya yanke hukunci, labarin zartarwa kawai yake yi. Ku tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a firamare wa yake tunawa. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ce muku, shi da shaƙiyancinsa da ramuwar gayyarsa. Imam bai tsaya yana gaya mana Zurƙe mutumin banza ne ba, ya bar shi ya yi ta tsiyarsa muna dariya. Haka Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ta yi a Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda ya fito a 1990. Akwai darasi a ciki, tun daga sunan littafin. Amma abin da ya riƙe mai karatu shi ne Rabi, matar da aka kora da 'ya'ya tara, tana dafa abincin sayarwa tana lissafin kuɗin makaranta. Balaraba ta san nauyin tukunyar nan. Shi ya sa da kamfanin Blaft na Indiya ya buga fassarar littafin a 2012, waɗanda ba su taɓa taka Kano ba suka gane Rabi.

To, bari in kawo maganar gida, tunda a Abuja muke. A yawancin littattafan Hausa da na karanta, Abuja ba gari ba ce, alama ce ta cewa tauraro ya yi kuɗi. Da an ce yana zaune a Maitama ko Asokoro, an gama bayani. Sai ƙaton get, sai mai gadi ya taso da gudu ya buɗe, sai falo mai sanyi, sai jirgin Dubai. Na sha ganin mai gadin nan, ban taɓa jin sunansa ba. Aikinsa a adabinmu buɗe get ne da rusunawa.

Alhali garin nan cike yake da labari tun daga sunansa. Abuja ta asali ita ce wadda Abu Ja, na gidan sarautar Zazzau ta Haɓe, ya kafa a 1828. Da gwamnatin Janar Murtala, yayan ita Balaraba, ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai aka ɗauke sunan aka ba sabon wuri, tsohon garin ya koma Suleja. Gwarawan da aka tarar suna noma a nan, wasu an tashe su, wasu suna nan a ƙauyukan da gine-gine suka kewaye. Gwamnati ta taso daga Legas a Disambar 1991. Rusau na zamanin Malam Nasiru el-Rufa'i ya watsa dubban mutane zuwa bayan gari. Bam ya tashi a tashar Nyanya a Afrilun 2014, da sassafe, kan mutanen da ke neman motar zuwa aiki. Akwai 'yan gudun hijira daga Gwoza a Durumi. Akwai 'yan canji a Wuse, mahauta da masu dabbobi a Dei-Dei, masu kayan gwari a Zuba, 'yan bola jari, masu shayi, da ma'aikacin da ke barin Mararaba kafin asuba don ya tsere wa cunkoso. Da yawansu da Hausa suke kwana suke tashi. Nawa ne daga cikinsu suka shiga littattafanmu a matsayin mutane?

Ga yadda nake ganin aikin yake tafiya, mu ɗauki mai gadin nan misali. Kafin ka rubuta jimla ɗaya, sai ka san abubuwan da ba lallai su shiga littafin ba. Daga ina ya zo, me ya baro? A ce manomi ne daga wani ƙauye a Zamfara da 'yan bindiga suka hana noma. Ina yake wanka? Wa yake ba shi abinci, kuma a wane kwano? Ranar nawa ga wata ake biyansa, in an biya? Ta hannun wane mai POS yake tura wa matarsa kuɗi, nawa ake cira? Idan ka san waɗannan, ka sami mutum. Labari kuwa bai fara ba sai mutumin yana son wani abu kuma an tare masa hanya. A ce ƙaninsa aka sace, ana neman kuɗin fansa, shi kuma a daren nan ya ga abin da ɗan mai gida ya shigo da shi a bayan mota. Yanzu yana riƙe da sirrin da zai iya sayarwa. Mutumin kirki ne, mai salla a kan lokaci. Me zai yi? In kai marubuci ka san amsar nan take, ba tare da ka kwana kana juyi ba, to ba ka bar shi ya rayu ba tukuna. Wurin nan ne mafi wuya a duk sana'ar, inda za ka ƙyale mutumin da ka ƙaga ya zaɓi abin da kai ba za ka zaɓa ba, kuma ka hana kanka tsoma baki ka wanke shi ko ka la'ance shi.

Sai bakinsa. Bazamfare ba ya magana kamar Bakano, Hausar matashin Jos daban take da ta dattijon Katsina, Bagwariyar da ke sayar da doya tana da tata, 'yar jami'ar da ke Gwarinpa kuwa rabi Hausa rabi Turanci take yi. Abuja ce kusan wuri ɗaya tilo da za ka ji duk waɗannan a layin cire kuɗi guda. Amma a littafi kowa sai ya yi magana da Hausar marubucin. Kunne ake fara horarwa kafin hannu. Ku shiga motar haya daga Berger zuwa Kubwa, ku ajiye waya, ku saurara. Mutane ba sa faɗin abin da ke ransu kai tsaye. Matar da ke fushi da mijinta ba ta cewa tana fushi, cewa take yi abinci na nan a kicin.

Kada a ce ba a iya yi. Abubakar Adam Ibrahim, wanda ya yi aikin jarida a Daily Trust a nan garin, ya ɗauki bazawara mai jikoki da wani matashi shugaban 'yan daba, ya zaunar da su a bayan garin Abuja, ya bar su suka yi abin da jama'a ba za su yafe ba. Littafin, Season of Crimson Blossoms, ya ci kyautar adabi ta NLNG a 2016, dala 100,000. Mutanen cikinsa Hausawa ne, da Hausa suke tunani, amma da Turanci aka rubuta su. Ina yawan tambayar kaina, da da Hausa ya rubuta shi, wa zai buga, kuma me za a ce masa a unguwa? Turanci kan zama labule. Mai rubutu da Hausa ba shi da wannan labulen, gwaggonsa ma tana iya karantawa.

Yanzu ga maganar kuɗi da na yi alkawari. A shekarun 1990 marubuci shi ne mawallafi, shi ne ɗan kasuwa. Ya buga da kuɗinsa, ya raba labari kashi uku don na ɗaya ya biya kuɗin buga na biyu, ya kai wa masu shaguna a Kano bashi. Yau kasuwar ta koma waya: Wattpad, rukunonin WhatsApp da ake biya kafin a shiga, da masu karanta littafi a YouTube, wasu da izini wasu babu. Alherin wannan a fili yake. Matar aure a Gusau ko Maraɗi tana iya samun dubban masu karatu ba tare da ta roƙi kowa ba. Amma tsarin yana da sharaɗi mai tsanani: kullum sai an tura sabon shafi, in an yi jinkiri masu karatu su yi ca. Wanda ke turawa kullum ba ya komawa baya. In ya gano a babi na 40 cewa babi na 5 kuskure ne, ya riga ya fita. Masu karatu kuma suna jan linzami, su ce a kashe wance, a aurar da wane, marubuciya ta bi don kada rukuni ya watse. Haka labarin da ya isa a shafi 150 yake kaiwa 600.

Abin da muka rasa a tsakani shi ne edita. Imam yana da East a kansa lokacin da yake rubuta Magana Jari Ce a Zariya, ana karantawa ana mayar masa. Kamfanin NNPC, da aka kafa a 1966, yana da masu tace rubutu, kuma ta gasarsa So Aljannar Duniya na Hajiya Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980. Ba gyaran ƙa'idar rubutu kaɗai nake nufi ba, ko da yake raba kalmomi da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ sun zama abin tausayi a waya. Ina nufin mutumin da zai ce maka babin nan da ka fi so shi ne ya kashe labarin, cire shi. Shi ya sa nake ganin gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara wa mata a 2016, wadda Aisha Muhammad Sabitu ta fara lashewa da labarinta Sansani, ta yi wani amfani da ba a cika ambata ba. Ta ƙayyade yawan kalmomi. Marubuciyar da ta saba da shafi ɗaruruwa ta ga dole ta zaɓi abin da za ta zubar, kuma a wurin zubarwar nan ake gane wanda ya iya.

A Mpape akwai filin da Janar Mamman Vatsa, soja kuma mawaƙi, ya ba Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya a 1985 yana ministan wannan birni, 'yan watanni kafin a harbe shi a Maris na 1986. An daɗe kafin gini ya tashi a wurin, yanzu ya tashi. Roƙona ga shugabannin ƙungiyar da ke cikin zauren nan ƙarami ne. A ware ɗaki biyu ko uku, a riƙa ɗauko marubutan Hausa suna zama na wata guda, kowanne da editan da za a biya, da kuɗin motar da zai kai shi Karmo da Nyanya da Dei-Dei. Sharaɗi ɗaya za a gindaya musu, kada su tura wa kowa ko shafi guda sai sun kai ƙarshe sun dawo farko.

Shugaba, na ga an miƙo mini takarda cewa lokaci ya yi. Ina jiran tambayoyinku, musamman na waɗanda na ga suna girgiza kai lokacin da nake maganar WhatsApp.