Kada A Yi Ciniki A Kan Cinikin Mai Yajin Aiki: Jawabin Malam Ga Matasan Maruda

Bayan yabo da godiya ga Allah (T) da salati ga Manzon Rahama (S), Malam ya buɗe jawabinsa da abin da ya faru a watan Afrilun 2021, lokacin da ma'aikatan kantunan Shoprite suka shiga yajin aiki a garuruwa da dama na ƙasar nan. Kamfanin na Afirka ta Kudu ne, ya shigo Nijeriya a 2005, kuma a lokacin yana shirin sayar da kantunansa. Ma'aikatan suka ce a fara biyansu haƙƙin shekarun da suka yi, kada a haɗa su da kanta da firji a miƙa wa sabon mai gida. An sayar wa kamfanin Ketron, reshen Kano da ke Ado Bayero Mall kuma aka rufe shi a Janairun 2024.

Malam ya ce waɗancan ma suna da ƙungiya. Wanda ya fi ba shi tausayi shi ne yaron shago da ya bar Maruda ko Kalgo bayan kaka, ya tafi Jega, ko Birnin Kebbi, ko Kantin Kwari a Kano. Dokar da aka sa wa hannu a 2024 ta kai mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, amma ba ta hau kan mai gidan da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. To shago nawa ne a Jega ke da yara 25? Sai yaro ya shekara bakwai yana buɗewa yana rufewa a kan alƙawarin sallama na fatar baki, ranar da ya tambaya a ce an ga gibi a lissafi.

Ya tunatar da 'yan'uwa cewa a fiƙihun da aka karantar a Gwandu tun zamanin Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, ijara ba ta inganta sai an san lada, an san aiki ko wa'adinsa. Annabi Musa (AS) kansa, kamar yadda ya zo a Suratul Ƙasas, da ya kama aiki a Madyana an yanka masa shekara 8, cikon 10 kuwa ganin damarsa ne.

Daga nan Malam ya juyo kan matasa, inda ya fi daɗewa. Ya ce azzalumin mai gida ba ya tsoron yajin aiki muddin ya san akwai mai jin yunwa a bakin ƙofa. Makaminsa ba ɗan sanda ba ne, kai ne. In an aiko maka cewa ga gurbi, fara tambayar me ya fitar da mai gurbin. In sata ya yi, wannan daban. In kuwa haƙƙinsa ya nema, Shari'a ta hana Musulmi yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwansa, ina ga a kan guminsa? Kuma abin da ka karɓa a rahusa yau, gobe da shi za a kore ka.

Da wani matashi ya ce ai talauci ne, ga iyaye a gida, Malam bai musa ba. Ya ce wanda lalura ta tilasta ya je ya sami wanda aka kora tukuna ya ji ta bakinsa, sannan kada ya kama aiki sai an rubuta lada da ranar sallama a gaban shaidu biyu. Ya nemi 'yan'uwa masu shaguna da ke wurin su fara rubuta wa nasu yaran kafin Juma'a mai zuwa.