Jawabi a kan Tafiya Azbin da Tsagin Dutse

Ku mutanen Sharabi da Bagudo kun san ruwa, gama Kwara tana kusa da ku. In za ta cika, sannu-sannu take hawa, har mutum ya sami damar kwashe kayansa. To, yau zan ba ku labarin wani ruwa wanda ba ya sallama.

Shekarun baya muka shiga mota, muka bi ta Kamba muka ƙetare zuwa Nijar. Muka wuce Gaya, da Doso, da Dogon Dutsi, da Birnin Ƙonni, sai Tawa. Daga Tawa zuwa Agadas wajen mil 250 ne, itatuwa suna ta raguwa, har ido ya rasa abin kamawa. A Agadas muka ga hasumiyar masallacin nan ta ƙasa, mai tsawon mita 27. Sa'an nan muka nufi Timiya, cikin duwatsun Azbin, inda ake noman lemo da rumman.

Hanya can ba hanya ba ce. Sau da yawa mota cikin kori take bi, watau kwarin rafi busasshe mai yashi. A wani wuri jagoranmu, Ba'azbine, ya sauke mu, ya kai mu wani tsagi tsakanin duwatsu biyu. Ruwa ne ya sassaƙe shi, shekara da shekaru, yana gurzar dutse da yashi da tsakuwa. Ciki da sanyi kamar randa. In ka miƙa hannuwa sai ka taɓa bango biyu, in ka ɗaga kai sama ba ta fi faɗin rawani ba. Ni dai na so in zauna nan har la'asar.

Amma jagora ya hana. Kafin mu shiga ya daɗe yana duban sararin sama, ba bisa kanmu ba, can nesa wajen tuddai. Ya ce in hadari ya zuba a can, dutse ba ya shan ruwa, duka sai ya taru ya gangaro cikin tsagin nan, da laka da duwatsu, alhali kai kana ganin rana tsaka. Wurin gudu kuwa babu.

Kada ku ce tsoro ne. A ƙasar Amurka, a jihar Arizona, akwai irin wannan tsagi, ana ce da shi Antelope, cikin ƙasar kabilar Nabaho. Ran 12 ga Agusta 1997 aka yi ruwa mil da dama daga wurin, ambaliya ta iske masu yawon kallo a ciki, mutum 11 suka hallaka. Agadas ma, cikin Satumba 2009, korin Telwa ya ɓalle ya rushe gidaje dubbai.

Da muka fito, direbanmu ya so mu kwana kan yashin kori, don laushinsa. Jagora ya ɗauki tabarmarsa ya hau tudu, bai ce uffan ba. Muka kwashi namu muka bi shi.