ƘAURI A CIKIN GIDA: YADDA AKE BIN SAWUNSA

Jama'a, maganar yau a kan ƙauri ce, watau warin nan da hanci ya kan ji in wani abu yana ƙuna. Kowace uwargida ta san ƙaurin tuwo in ya kama gindin tukunya, kowane mai wanki ya san ƙaurin riga in dutsen guga ya daɗe a kanta. Waɗannan ba su da wuyar magani, don ana ganin inda su ka fito. Amma akwai wani ƙauri da ya kan zo ya tafi, a duba madafa ba kome, a duba tsakar gida ba kome. Shi ne abin tsoro, domin sau da yawa shi ne sallamar da gobara ta kan yi kafin ta shigo.

An fara kunna wutar lantarki a Ikko, watau Legas, cikin 1896, aka kuma gama madatsar ruwa ta Kainji cikin 1968. Gidajen da aka sa wa waya a zamanin da, an auna musu ita ne don fitila da fanka da rediyo. Yau kuwa waɗannan wayoyin ne su ke ɗauke da firiji, da dutsen guga, da hita, da talabijin, da cajar kowane mutum na gidan. Kaya ya ƙaru, jaki bai sake ba.

LABARIN WANI MAGIDANCI

Ga misali. Wani magidanci ya dawo daga kasuwa wata rana da magariba, ya shiga ɗaki, sai ya ji wani ƙarni kamar na kifi. Ya ce wa matarsa, "Uwargida, yau miyar kifi aka yi ne?" Ta ce, "A'a, Maigida, rabon gidan nan da kifi ya fi mako." Aka share ɗaki, aka ɗaga tabarmi, ba a ga kome ba. Da gari ya waye warin ya ɓace, kowa ya manta.

Kashegari da dare ya dawo. Aka ce mushen ɓera ne a silin, aka sa turaren wuta, ƙamshi ya rufe shi, aka kwanta. A dare na uku sai 'yarsa, yarinya 'yar makaranta, ta ce, "Baba, warin nan fa ba ya zuwa sai an kawo wuta. Jiya da aka ɗauke, can ya tafi." Maigida ya yi shiru, ya ga maganar yarinya gaskiya ce. Mushe ba ya jiran wutar lantarki kafin ya yi ɗoyi.

Nan da nan ya je ya kashe babban makunnin gidan, ya ɗauki tocila, ya shiga bin ɗakuna yana sunsunawa. Warin ya fi ƙarfi a bayan wani kabad na tufafi. Da aka jawo kabad ɗin sai ga soket a bango, wanda aka jona wa doguwar waya mai kai wuta ga firiji da hitar dafa ruwan wanka. Ya kai bayan hannunsa kusa, ya ji zafi kamar na murfin tukunya. Gefen ramin fulogi ya yi launin ƙasa-ƙasa.

Gidan ya kwana a duhu. Da safe aka kira mai gyaran wuta, ya kwance soket ɗin. Ashe sukurun da ke riƙe da waya ɗaya ya saki, jan ƙarfen ya yi baƙi, robar da ke lulluɓe da shi ta narke kamar tsawon yatsa. Tsakanin wannan wuri da tufafin iyali babu kome sai falle ɗaya na katako.

DON ME FIS BAI TSINKE BA?

Maigida ya ce, "To, Malam, ina amfanin fis ke nan? Ai an ce shi ne mai tsaron gida." Amsar da mai gyara ya ba shi ita ce gishirin wannan magana, ya kamata kowa ya riƙe ta.

Wutar da ake kawowa gidaje a Nijeriya ƙarfinta bolt 230 ne. Fulogi mai ƙafa uku, irin na Ingila, yana da ɗan fis a cikinsa, mafi girmansa amfiya 13, watau kimanin wat 3,000 ke nan. Aikin fis guda ɗaya ne: in wutar da ke wucewa ta fi ƙima, ya narke ya yanke ta. Hita mai wat 2,000 tana jan amfiya 9 ko kusa da haka, ba ta kai 13 ba, saboda haka fis ba ya ganin laifi. Amma in mahaɗa ta saki, wutar nan duka tilas ta kutsa ta ɗan wurin da ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kamar garken shanu a ƙaramar ƙofa. Nan zafi ya ke taruwa. Wurin da bai fi ƙwayar wake ba yana iya yin zafin da ya kai na ƙwan fitila. Zafin ya kan sa ƙarfen ya yi tsatsa, tsatsa ta ƙara toshe hanya, zafi ya ƙaru. In kuwa aka ninka wutar da ake ja sau biyu, zafin sau huɗu ya ke ninkuwa.

Watau fis yana ganin yawan kaya, amma ba ya ganin sakakkiyar mahaɗa. Wannan sai hanci da ido da bayan hannu.

KOWANE WARI DA MA'ANARSA

Ƙarni kamar na kifi, inda babu kifi: irin robar nan mai tauri da ake yin soket da makunni da mazaunin ƙwan fitila da ita, haka ta ke wari in ta yi zafi ƙwarai. Shi ya fi ruɗin mutane, don ba ya kama da ƙuna.

Wari mai yaji, mai shaƙe maƙogwaro: robar jikin waya ce ke narkewa. An yi ta don ta jure zafin digiri 70 a ma'aunin Salshiyas. In ta kama ƙuna hayaƙinta guba ne.

Ƙauri kamar na fenti ko man katako, daga fanka ko firiji ko injin markaɗe: naɗin wayar da ke cikin injin ne ya yi zafi. Fanka da ke gurnani ba ta juyawa sai an tura ta da sanda, tana dafa kanta ne. Haka firiji in wuta ta zo da rauni: injin ya kan yi ƙoƙarin tashi ya kasa, a ji ƙas, ya sake gwadawa, yana jan wuta fiye da ƙima. A irin wannan lokaci a zare shi har wuta ta daidaita.

Ƙaurin ƙura: na'urar da ta daɗe a ajiye, musamman bayan hunturu, ta kan yi shi in an kunna. In ƙura ce kawai, cikin 'yan mintoci zai wuce. In ya daɗe ko ya ƙaru, ba ƙura ba ce.

Wari mai zaƙi-zaƙi kamar na sinadari daga wayar hannu ko fitilar caji, ga batir ya kumbura: a zare cajar, a kai abin waje a ajiye kan siminti ko ƙasa, nesa da duk abin da ke cin wuta. Kada a sake jona shi, kada a huda shi.

Wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai a madafa: wannan ba lantarki ba ne, iskar gas ce. Ita kanta ba ta da wari, da gangan ake zuba mata shi don a gane ta in tana yoyo. Ta fi iska nauyi, ƙasa ta ke kwanciya. A nan kada a taɓa makunni ko ɗaya, kunnawa ko kashewa, don ɗan tartsatsinsa ya isa ya tashi ɗaki. A rufe kan tukunyar gas, a buɗe ƙofa da tagogi, kowa ya fita.

YADDA ZA A BI SAWU

Na fari, in an tabbata ba gas ba ce, a kashe babban makunni. In gidan yana da janareta ko batirin sola, su ma a kashe su, don wuta tana iya shigowa ta wannan hanya. Lalle ne kowane baligi a gida, mace da namiji, ya san inda makunnin nan ya ke, ya iya kai hannu gare shi cikin duhu.

Na biyu, a yi bincike nan take, tun wurin bai huce ba. Hanci ya kan saba da wari da sauri, saboda haka mai nema ya fita waje ya shaƙi iska, sa'an nan ya dawo. A rufe ƙofofin ɗakuna na ɗan lokaci, ɗakin da warin ya taru shi ne mai laifi.

Na uku, a bi kowane soket da makunni da fulogi da busasshen bayan hannu, daga waje kawai. A jawo kabad da gado da buhuna, domin abin da ke ɓoye shi ya fi daɗewa yana ƙuna. A duba tabo mai launin ƙasa, da roba da ta lanƙwashe, da ƙafar fulogi da ta yi baƙi. Kada a manta da mazaunin ƙwan fitila, da makunnin fanka, da akwatin da ake juya wuta zuwa janareta.

Na huɗu, in ba a sami kome ba, a zare dukan na'urori, a mai da wuta, a saurara. In warin ya dawo alhali ba abin da ke jone, laifin yana cikin wayar gida ne, a bango ko a silin: a sake kashewa, a bar ta a kashe sai mai gyara ya zo. In bai dawo ba, a riƙa jona na'urori ɗaya bayan ɗaya, ana ba kowace kamar rubu'in sa'a, mutum na tsaye a kanta. Wadda ta dawo da warin, a gwada ta a wani soket. In warin ya bi ta, ita ce mai ciwo. In ya tsaya a wurin farko, soket ne.

Na biyar, a lura da lokaci, kamar yadda yarinyar nan ta yi. Da wane aiki warin ya ke zuwa? Da guga, ko da dafa ruwa, ko da dawowar wuta? Wannan bayani ya kan rage wa mai gyara rabin aiki.

ABUBUWAN DA BA A YI

Ba a rufe ƙauri da turare. Ba a ɗaure fis da ya tsinke da waya ko takardar sigari, wanda ya yi haka ya kori maigadi ne. Ba a cusa tsirarar waya cikin soket a tokare da tsinken ashana. Ba a jona hita ko dutsen guga ko butar lantarki a doguwar waya mai baki da yawa, kowannensu yana bukatar soket nasa na bango. Ba a bi da waya ƙarƙashin darduma ko katifa, ba a kuma cajin waya a ƙarƙashin matashin kai.

Wajen sayen waya a tuna araha ba ta ado. Ƙa'ida ita ce waya mai lamba 1.5 don fitilu, mai lamba 2.5 don soket. Akwai ta jabu wadda cikinta alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe: in an kankare bakinta da wuƙa sai a ga fari. Ba ta ɗaukar abin da ta gaske ke ɗauka, ta kan kuma saki a wurin sukuru.

Akwai kuma makashin da hanci ba ya ji. Cikin hayaƙin janareta da na gawayi akwai wata iska mai guba wadda ba ta da wari ko launi, ta kan kashe mutane cikin barci. Janareta wurinsa fili, nesa da taga, ba zaure ko baranda ba, ko da ana ruwa.

IN WUTA TA RIGA TA KAMA

A kashe babban makunni. Kada a watsa ruwa a kan abin da ke jone da lantarki, don ruwa ya kan kai wutar jikin mai watsawa. In ƙarama ce, yashi ko busasshiyar ƙasa ta isa. In ta kama silin ko hayaƙi ya cika ɗaki, a bar dukiya, a fitar da yara da tsofaffi, a sunkuya ƙasa inda iska ta fi kyau, a ja ƙofa a baya. A ƙirga mutane a waje, kada kowa ya koma. A kira 'yan kwana-kwana. Lambar neman agajin gaggawa a Nijeriya ita ce 112.

Mutane su kan ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Amma gobarar da ta yi kwana uku tana sallama a bayan kabad ba tsautsayi ba ce, sakaci ne. Magidancin nan ya sayi soket ɗaya da 'yar guntuwar waya, ya biya ladan mai gyara, ya sa aka ja wa hita layinta dabam. Ya kuma tara iyalinsa ya nuna wa kowa babban makunni, ya ce duk wanda ya ji baƙon wari ya faɗa, ko yaro ne, ko da tsakar dare ne. Abin da ake roƙon kowane mai gida ke nan: yau, kafin a kwanta, a jawo kabad a duba bayansa.