A Ji Shi, Shi Ma Ya Ji: Zaɓen Na'urar Magana ga Mai Lalura a Ƙauyukan Hausawa na Jazira da Shuɗin Nilu

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Matsayina ɗaya ne. Na'urar da za a sayo wa mai lalura da ke kwance a gida, a Mai Wurno ne ko Wad Madani ko Rusairis, kada ta dogara da layin kamfanin waya ko wutar gwamnati, kuma shi mai lalurar ne zai riƙe ikon buɗe magana da rufe ta. Na'urar da ta kasa cika waɗannan sharuɗɗa biyu, komai tsadarta, kuɗi ne aka zubar.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da naƙasa mai tsanani. Rahoton da ta fitar tare da UNICEF a 2022 ya ce sama da mutum biliyan 2.5 na buƙatar kayan taimako aƙalla guda ɗaya, kusan biliyan ɗaya daga cikinsu ba sa samu, kuma a wasu ƙasashe matalauta kashi 3 cikin ɗari kacal na mabuƙata ke samu. A Sudan, ƙidayar 2008 ta ba da kashi 4.8 cikin ɗari, kimanin mutum miliyan 1.8. Wannan adadi ya tsufa. An tattara shi kafin rabuwar Kudu a 2011, kafin rikicin Yuli da Oktoban 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi, kafin yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Duk da haka shi ake ta ɗauko mana a taro bayan taro, kamar tun daga lokacin babu wanda harsashi ya taɓa wa laka, babu wanda hawan jini ya kayar saboda rashin magani.

Darasin Fabrairun 2024

Masu ba da shawara daga birni amsarsu ɗaya ce: a saya masa waya. To, mun gwada. Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar 2023. A farkon Fabrairun 2024 layukan Zain da MTN da Sudani duka suka ɗauke, kuma a yankuna da yawa na Jazira shabaka, wato layin sadarwa, ba ta dawo ba sai bayan watanni. Mutane suka koma biyan kuɗin awa a wurin masu Starlink don su karɓi aiken kuɗi ta manhajar Bankak. Mai ƙafa ne ke zuwa can. Garin Singa ma ya faɗa hannun RSF a ƙarshen Yunin 2024, sojojin gwamnati suka karɓe shi a Nuwamba, suka karɓi Wad Madani a Janairun 2025. A tsawon wannan lokaci, wayar da ke ƙarƙashin matashin tsohuwa ba ta fi tocila amfani ba.

Wuta ma haka take. Madatsar Sinnar ta fara aiki a 1925, ta Rusairis a 1966, kuma da gumin kakanninmu aka tsinci audugar Jazira. Amma har gobe akwai kanabi (jam'in kambo), wato matsugunan 'yan ƙwadago, da ba a taɓa kafa musu turken lantarki ba. Wanda zai ba iyali a kambo shawarar na'urar da ke buƙatar soket dare da rana bai taɓa kwana a kambo ba.

Abin da na gani a gidanmu

Goggona, ƙanwar mahaifina, ta samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Ɗakinta na can ƙarshen gida, madafa na ɗaya gefen, maza kuma suna hawasha, wato gona, tun asuba. Da farko murfin tukunya da cokali aka ajiye mata kusa da angarib, wato gadonta. In ta buga, wani lokaci a ji, wani lokaci ƙarar turmi ta danne. Wata rana na tarar da ita tana hawaye, cokalin ya faɗi ƙasa inda hannun hagu ba ya kaiwa. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ba mu ji ba ne." Ta daɗe tana haɗa kalmomin kafin ta ce, "Ɗan nan, ba jinkirin zuwanku ke damuna ba. In na buga, ban san ko an ji ni ba."

Wannan magana ita ce tushen takardar nan. Ƙararrawa tana kai kira ne kawai, ba ta dawo da amsa. Mai kwance yana buƙatar ya ji an ce, "Mun ji, ga mu nan," ko "Ina salla, minti biyu." Kuma yana buƙatar ya faɗi abin da yake so, don a san wa za a turo. Matar da ke son kama ruwa ba za ta so ɗan ɗan'uwanta namiji ya shigo ba, kuma murfin tukunya ba ya faɗin wannan.

Na'urorin da ke kasuwa

Ƙaramar waya mai maɓalli, irin Nokia ko itel, tana da arha, batirinta na daɗewa, ana iya sa lamba a maɓalli ɗaya. A riƙe ta don kiran dangi na nesa. Kada a jingina rai da ita, saboda dalilin da na bayyana.

Oba-oba ba ta buƙatar shabaka, kuma tana kai murya daga gida zuwa gonar da ke kusa. Matsalolinta uku ne. Na farko, sai an danne maɓalli muddin ana magana, abin da mai shanyewar hannu ko mai karkarwa ba zai iya ba. Wasu na da tsarin da murya ke buɗe layi, amma murya mai rauni ba ta buɗe shi, kukan jaki kuwa yana buɗewa. Na biyu, duk mai irinta a ƙauye zai iya sauraro. Na uku shi ya fi muni: a ƙasar da ake yaƙi, saurayin da aka tarar da oba-obar Baofeng a aljihunsa a shingen bincike zai sha wuya kafin ya gamsar da kowa cewa ta kakarsa ce. Ba na ba kowa shawarar fita da ita daga gida a halin da ake ciki.

Na'urar sauraren jariri tana da magana ta ɓangare biyu, ba ta son a danna komai. Ta dace da wanda ba ya iya motsa hannu ko kaɗan. Amma kunnenta a buɗe yake kullum. Da muka kawo wa Goggo, ta ce, "Ni jaririya ce da za a riƙa sauraren numfashina?" Ta yi gaskiya. Addu'arta, hirarta da ƙawa, har nishinta, duk sai su fito a tsakar gida. Kunya da sutura ba sa barin mutum don ya kwanta ciwo. In dole sai ita, a sa maɓallin kashewa inda hannunsa mai lafiya ke kaiwa.

Abin da ya yi mana aiki shi ne intakom mai igiya, irin ta ƙofar gida. Aka ja waya daga ɗakinta zuwa madafa, aka haɗa da ƙaramin batir da faifan sola guda. Bangon laka da rufin kwano ba sa rage mata ƙarfi, maƙwabci ba ya ji, ba a ganin ta a shinge. Maɓallin kira babba ne, an ɗaure shi a ƙafar angarib ta hagu don kada ya faɗi. Kowane mai gyaran rediyo a kasuwa zai iya haɗa ta. Aibinta shi ne ba ta wuce gida, kuma ɓera na cin igiya in ba a sa ta cikin bututu ba.

Ga kurma da wanda magana ta ɗauke masa gaba ɗaya, murya ba ta da amfani. A nan sai fitila mai ƙyaftawa a ɓangarorin biyu, da allon hotuna na ruwa, buta, magani, ciwo, a rubuta da ajami ko Larabci, yadda mutanenmu ke karatu.

Ina hukuma take?

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu a 2009, ta kuma yi dokar naƙasassu a 2017. Sashe na 9 na yarjejeniyar ya yi magana kan samun hanyoyin sadarwa, sashe na 11 kan kare naƙasassu lokacin yaƙi. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin kayan taimako 50 masu muhimmanci, kuma a cikinsu akwai na'urar kiran gaggawa, da allon sadarwa, da waya mai sauƙin sarrafawa. To me ya sa duk rabon da muke gani ba ya wuce keken guragu da sanda? Keke na ɗaukar hoto da kyau, na sani. Amma wanda ba ya tashi daga gado, keken me zai yi masa da tsakar dare? Mun gaji da jin cewa yaƙi ne ya hana. Shekara 14 ke tsakanin 2009 da 2023.

Buƙatuna uku ne. A sa na'urorin magana cikin kayan da ake raba wa masu lalura, tare da sola da batir. A cire musu harajin shigo da kaya. A kuma horar da masu gyaran rediyo da waya na ƙauyuka su riƙa haɗawa da gyarawa, domin su ne ke nan lokacin da ƙungiyoyi suka kwashe kayansu.

Ga iyalai kuma, kafin ku je kasuwa, ku zauna gefen gadon ku tambaye shi: wane hannu ne ke aiki, wa kake so ya amsa, yaushe kake so a daina jin ka? Mu sai da muka yi asarar kuɗi sau biyu kafin muka yi wa Goggo wannan tambaya, alhali amsar na bakinta tun ranar da cokali ya faɗi.